Fatar tsohon da nake sassaƙawa a ZBrush tana fitowa kamar ɓawon lemo, ina matsalar take?

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum. Sannunku da aiki, manyanmu na wannan zaure. Ina aikin kan wani tsohon madugu, irin fataken goron nan da suke bin hanyar Kano zuwa Salaga a da, don ɗan gajeren fim da za a yi rendarsa, wato fitar da hotonsa na ƙarshe, a manhajar Blender. A ZBrush, manhajar sassaƙa siffofin 3D a kwamfuta, nake sassaƙar. Daga nesa kan ya zauna, amma da na zo kan ƙaramin zane sai abin ya lalace. Ramukan fata duk girma ɗaya suke fitowa, goshi da kunci da hanci ba bambanci, kamar ɓawon lemo. Tamojin goshi kuma gefensu haƙora-haƙora yake yi. In na danna Shift don in lallashe su, komai sai ya goge.

A DynaMesh nake, Resolution 1024, foligon, wato 'yan gidajen da suka haɗu suka zama ragar siffar, wajen miliyan 2. Kwamfutar ta hannu ce mai RAM gigabait 16, allon zanena ƙaramin Huion ne. Ga babbar riga mai aska takwas da rawani da sanda suna jirana ban ko taɓa su ba. Buroshi ne ba ni da shi, ko alfa, hoton baƙi da fari da buroshi ke buga zane da shi, zan saya, ko kwamfutar ce ta gaza? A taimaka don Allah.

Mai Yumɓu

Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi komai. Haƙoran da kake gani daga ragar suke, ba daga buroshi ba.

DynaMesh na neman siffa ne. Yana shimfiɗa foligon daidai-wa-daida a ko'ina ba tare da ya kula da inda ido ko baki yake ba, kuma layukansa ba sa bin zagayen fuska. Siririn tamoji da ya ratsa irin wannan raga a karkace dole ya yi haƙora. Ga shi ba shi da matakan yawan foligon, ba ka da ƙasan da za ka sauka ka gyara muƙamuƙi ka bar zanen sama yadda yake. Kuma duk lokacin da ka sake lissafa shi yana cinye wani abu daga kaifin da ka yi.

Ka yi Duplicate na kan. A kan kwafin ka kunna ZRemesher, Target Polygons Count 5 ko 6, wato dubu 5 zuwa dubu 6. Kafin nan ka zagaye idanu da baki da buroshin ZRemesherGuides don layuka su kewaye su. In ragar ta fito, nan take ka yi mata UV, wato ka shimfiɗa ta kamar ƙyalle don hoto ya zauna a kanta, kada ka bari sai ƙarshe. Sai ka bar tsohon kan a bayyane, ka danna Ctrl+D sau ɗaya, ka danna ProjectAll, ka sake Ctrl+D, ka sake ProjectAll, mataki-mataki har zuwa na 5. Kafin kowane ProjectAll ka danna StoreMT, ya ajiye siffar yadda take don buroshin Morph ya iya mayar da ita. Fatar ido da tsakanin leɓɓa da cikin kunne su ne suke tsiro da ƙayoyi, domin bango biyu ne kusa da juna, sai manhajar ta rasa wanda za ta manne wa. Ko dai ka rufe wuraren da Mask tun farko, ko ka goge ƙayar da buroshin Morph. Dist yana zuwa a 0.02; in wani wuri bai kamu ba ka ɗaga shi kaɗan, amma in ya yi yawa ƙayoyin ne za su ƙaru.

Yanzu lissafi, don ka san inda kake. Kowane Ctrl+D ninka foligon yake sau 4. Daga dubu 6 za ka sami dubu 24, dubu 96, dubu 384, miliyan 1.5, miliyan 6.1, sai miliyan 24.5 a mataki na 7. Fatar kai da wuya ta babban mutum ta kai wajen murabba'in milimita dubu 160. Raba wannan da miliyan 2 da kake da su, gefen kowane foligon zai kama wajen milimita 0.28. Ramin fatar da ido ke gani galibi bai wuce rabin milimita ba, wato ramin naka foligon ɗaya ne ko biyu. Ba yadda za a yi ya yi siffar rami, ɗigo kawai zai zama. A miliyan 6 gefen ya sauka zuwa 0.16, a miliyan 24 zuwa 0.08. Kwamfutarka za ta ɗauka, don ZBrush da CPU da RAM yake aiki, bai damu da katin hoto ba. Ka dai raba kai da jiki, kowa SubTool ɗinsa, ka goge ƙoƙon kan da rawani zai rufe. Ka duba QuickSave a Preferences kuma, saboda dumsor, wato ɗaukewar wuta.

Amma babbar maganar ba wannan ba ce. Ka sauka mataki na 3, ka sa MatCap Gray a madadin jan nan da ZBrush ke buɗewa da shi, ka ja baya har kan ya zama ƙarami a allo. Tsoho kake gani ko saurayi? In saurayi ne, ba tamojin da zai tsofar da shi. Tsufa a nama yake kafin ya zo fata. Gefen goshi yana lotsawa, ƙashin kunci ya fito, ƙarƙashinsa ya faɗa. Naman kumatu yana zubowa ya taru a gefen haɓa har layin muƙamuƙi ya karye. Ƙarƙashin ido yana yin jaka. Leɓɓa suna sirancewa, in haƙora sun zube su shige ciki, haɓa ta matso kusa da hanci. Ganyen kunne yana tsawo. A wuya igiyoyi biyu suna saukowa daga ƙarƙashin haɓa. Layin nan da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki, mutane da yawa zana shi suke da DamStandard su wuce, alhali naman kunci ne ya rufto a kan na baki. Da ClayBuildup ake gina shi a mataki na 3 ko 4, layin ya haifar da kansa.

Haka kowane tamoji yake: kwari ne da tudu biyu a gefe. Ka tsaga shi da DamStandard a mataki na 4, Z Intensity wajen 15 zuwa 20, LazyMouse a kunne don hannu kada ya yi rawa. Sai ka bi gefe biyun da Inflat mai rauni, 5 ko 6, naman ya kumburo ya matse tsagar. Ka hau mataki na 5 ka ƙara kaifi da buroshi mafi ƙanƙanta a cikin kwarin kawai. Farko da ƙarshen layi su tafi a hankali su ɓace, tsakiya ta fi zurfi, kuma kada layi ɗaya ya ratsa goshi daga wannan gefe zuwa wancan ba yankewa. Yana tsinkewa, wani ya ɗauka daga ɗan sama ko ɗan ƙasa.

Shift kuwa, ka riƙe shi ka rage Z Intensity ɗinsa zuwa 20 ko ƙasa. In wuri ya yi gargada, Shift+D ka sauka mataki biyu ka lallashe a can, zanen sama ba zai taɓu ba.

'Yar Alabar

Malam Mai Yumɓu ya gama da ƙashi da nama, bari in ɗauki fata.

Ɗan'uwa, abin da ya sa ramukanka suka zama iri ɗaya shi ne alfa ɗaya ka fesa wa fuska duka. Fuska yanki-yanki ce. Hanci da kuncin da ke maƙwabtaka da shi su ne masu manyan ramuka, zagayayyu, a warwatse. Kana matsawa wajen kunne suna ƙanƙancewa. A goshi ramukan a miƙe suke a kwance saboda yawan naɗewar fatar. Fatar ido da ƙarƙashinsa kusan ba rami, sai siraran layuka masu gilma juna. Leɓe ba shi da rami sam, tsaga ce a tsaye. Wurin gemu da gashin baki tudu-tudu ne. Wuya da ƙeya layuka ne biyu da suka giciye juna suka bar 'yan lu'ulu'u tsakaninsu, kuma ga wanda ya sha rana a hanya kamar madugunka, na ƙeyar nan zurfi gare su sosai. Aƙalla alfa biyar ke nan, kowace da girmanta.

Tamoji kuma ba barkatai yake tafiya ba, yana giciye jan tsokar da ke ƙarƙashinsa. Tsokar goshi sama take ja, layukanta suka kwanta. Ta ido zobe ce, layukanta suka bazu daga kusurwar ido kamar yatsu. Ta baki ma zobe ce, shi ya sa na saman leɓe suke a tsaye. Ka nemi zanen layukan Langer a intanet, wani likitan Austriya ne, Karl Langer, ya fitar da su a 1861, suna nuna inda fata take a ɗame. Ka riƙa juya alfarka ta bi wannan hanya, ramukan su ɗan miƙe tare da ita.

Yadda za ka saka: buroshin Standard, Stroke a DragRect, Z Intensity 5 zuwa 8, ba fiye ba. In tsakiyar alfar toka-toka ce, ka shiga Alpha, Modify, ka sa MidValue a 50, in ba haka ba duk inda ka ɗora za ta kumburo da wurin gaba ɗaya kamar tambari, ka ga murabba'i a kuncin mutum. Ka ɗaga Rf don gefunanta su narke. Ka kunna BackfaceMask lokacin kunne da fatar ido, kada zanen ya huda ya fito ta baya. Ka tabbata Dynamic na jikin Draw Size a kunne yake, don girman buroshi kada ya canza duk sanda ka matso ko ka ja baya. Mutane da yawa ba sa lura da wannan, sai ramin kuncin dama ya ninka na hagu.

Kafin ɗigo na farko, a matakin ƙarshe, ka buɗe falle sabo a Layers. Tamoji falle ɗaya, ramuka falle ɗaya, siraran layuka falle ɗaya, tabo da ƙuraje falle ɗaya. Amfaninsa, in renda ta nuna ramuka sun yi yawa sai ka ja nasu zuwa 0.6 ba tare da ka taɓa sauran ba. Ka danna StoreMT ma, don ka riƙa rage zane da Morph a wuraren da fata take a ɗame, irin karan hanci da saman ƙashin kunci. Ido na son wurin hutawa. Fuskar da ko'ina ya cika da zane ƙarya take nunawa, ko da kowane rami daidai yake.

Ka kashe Symmetry da X tun daga matakin tamoji. Ba mai tamojin da ya yi daidai hagu da dama.

In za ka yi masa bille ko wani zanen gado, ka tuna tun yana jariri wanzami ya yi shi, ya warke shekaru da dama. Ba kaifi gare shi ba. Kwari ne mai taushin gefe, cikinsa sumul ba rami ko ɗaya, ya miƙe ya faɗaɗa tare da girman fuska, tamoji kuma yana ratsa shi ko ya karkata a bakinsa. Tsaga shi a mataki na 4, ka zuba ramuka a fuska duka, sannan ka share na cikinsa da Morph.

Batun sayen alfa, ba laifi ba ne, amma wayarka ta isa ka fara. Ka nemi izinin wani dattijo a unguwa, ku zauna gefen taga da safe, haske ya zo ta gefe yana shafar fatar, kada ya zo ta gaba. Ka kashe abin gyaran fuska na kyamarar, shi ne yake goge abin da ka zo nema. Ka ɗauki goshi, kusurwar ido, kunci, ƙeya, kowanne daban. A Krita ko GIMP ka mayar da hoton baƙi da fari, ka bi shi da High Pass don inuwar manyan siffofi ta fita a bar ƙananan. Ko ba ka yi alfa da su ba, ka jera su a PureRef, manhajar jera hotunan kallo, kusa da aikin. Yawancin mummunan zane daga ka ake yin sa, ba a kallon komai.

Ɗan Aboabo

Allah ya saka da alheri Malam, na gode Yaya. Na sake ragar, haƙoran sun tafi. Matsala biyu ta taso. Alfar da na yi daga hoto tana barin matattakala a gangaren ramuka, ba ta sauka sumul. Ta biyu, na fitar da taswira 4K, hoton da ke ɗauke da zanen fatar, na kai Blender, a renda fatar ta zama sumul kamar ban yi komai ba.

Baban Renda

Ta farko mai sauƙi ce. Hotonka bit 8 ne, matakan toka 256 kacal tsakanin baƙi da fari, su ne matattakalar. Bit 16 yana da 65,536. Amma mayar da hoto bit 16 kawai ba ya ƙara masa komai. Ka mayar da shi bit 16 tun kafin High Pass, ka yi masa Gaussian Blur na fiksel 1 ko 2 don ya cike tsakanin matakan, ka ajiye a PSD ko TIFF. Kada ka ajiye a JPEG, yana yayyanka hoto gida-gida na fiksel 8, kuma gidajen za su fito a fata ɓaro-ɓaro. Hanya mafi tsabta ma ita ce ka sassaƙa ramukan da hannunka a kan Plane3D mai foligon miliyan ɗaya, ka ɗauke su da GrabDoc, zurfin gaske yake ba ka, ba hasken hoto ba.

Ta biyu tana da ƙofofi da yawa, ka bi su ɗaya-ɗaya.

Fara da taswirar. 4096 sau 4096 fiksel miliyan 16.7 ne. UV ba ya cika filin, in ya ci kashi 70 cikin 100 kana da miliyan 11 da ɗoriya. In kai da jiki suna cikin taswira guda, fuskar ba za ta sami ko kwata ba. Ka ba kai tasa taswirar shi kaɗai, ko ka raba UV ɗin gida-gida masu lamba da UDIM, fuska a 1001, saura a 1002, ka kuma faɗaɗa fuska a UV ka matse ƙeya da saman kai.

A Multi Map Exporter, don taswirar tudu-da-kwari: SubDiv level 1, 32Bit da EXR a kunne, Mid 0, Scale 1, Flip V a kunne. Ragar da za ka kai Blender ita ce ta mataki na 1 yadda take a yanzu. Kada ka ɗauki wadda ka fitar kafin sassaƙa, don aikin sama yana motsa na ƙasa, in suka saɓa fuska za ta kumbura ko ta motse. A Blender hoton ya zama Non-Color, Midlevel na Displacement ya zama 0 daidai da abin da ka fitar. A saitin Material ka canza daga Bump Only zuwa Displacement and Bump. Ka sa Subdivision Surface, kuma in Blender ɗinka na jerin 3 ko 4 ne ka mayar da Feature Set zuwa Experimental don ka sami Adaptive Subdivision. In ba foligon a wurin renda, ba abin da taswira za ta tura. Ka yi Ctrl+A ka tabbatar da Scale, kan ya zama girman kan mutum, wajen santimita 23 daga haɓa zuwa tsakar ka.

Na fi son a raba aikin biyu. Tamoji da jakar ido su tafi a taswirar tudu-da-kwari, ramuka da siraran layuka su tafi a taswirar nomal ko Bump daban, waɗanda ke nuna zane ta hanyar haske ba tare da tura raga ba. Tunda Yaya ta sa ka yi falle-falle, ka kashe na ramuka ka fitar da ta farko, ka kunna ka fitar da ta biyun daga mataki na 4 ko 5. Haka za ka iya ƙara ƙarfin ramuka a renda ba tare da tamoji ya zurfafa ba. In ka ga ramuka sun zama ƙuraje, koren taswirar nomal ne a juye: Blender na bin tsarin OpenGL, Unreal na bin DirectX.

Daga nan sai masu cin zane guda biyu. Na farko, Subsurface na Principled BSDF a Blender 4 yana zuwa da Scale 0.05, santimita 5 ke nan, haske yana yawo cikin fata har ya cike kowane rami. Ka sauke shi zuwa 0.003 ko ƙasa. Baƙar fata ba ta barin haske ya yi nisa a ciki, kuma yawancin abin da ido ke karantawa a kanta sheƙi ne. Saboda haka ramukan madugunka a cikin sheƙi za a gan su. Roughness wajen 0.4 zuwa 0.5, ƙasa kaɗan a hanci da goshi inda maiƙo yake, ka kuma ninka taswirar Cavity a kan sheƙin don cikin rami kada ya yi ƙyalli. Fitila babba daga gaba tana shafe komai. Ka sa ƙarama ta gefe ko ta baya. Na biyun shi ne Denoise, wanda bai san bambancin ramin fata da dusar renda ba. Ka ba shi Albedo and Normal, Prefilter a Accurate, ka ƙara Samples.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a fara yi: ina kyamara za ta tsaya? A fim mai tsayin fiksel 1080, in kai ya ci fiksel 600, kowane fiksel milimita 0.38 ne. Rami ɗaya fiksel ɗaya ke nan ko ƙasa. Ba wanda zai ƙirga su, sheƙin da suka farfasa kawai za a gani. In ba a shirya kusanto ido ko baki ba, miliyan 6 ta ishe ka, mataki na 7 wahala ce kawai.

Telan Sabon Zango

Ni rigar ce ta kawo ni, tunda ba wanda ya kula ta.

Kada ka sassaƙa saƙar yadi da buroshi, ƙanena. Ka miƙar da UV ɗin rigar yadda tela zai shimfiɗa ƙyalle a tebur, zare a tsaye, sannan ka ɗora ƙaramar taswirar saƙa mai maimaituwa a Blender. In kana son ganinta a ZBrush, Surface Noise da Uv a kunne, ba sai ka danna Apply To Mesh ba. In UV ya karkace saƙar ma za ta karkace, kuma duk wanda ya taɓa sa riga zai gane.

Abin sassaƙawa shi ne naɗi da ɗinki. Kowane yadi da irin karyewarsa. Saƙin hannu mai kauri, irin na fugu, rigar saƙin arewacin Gana, naɗinsa manya ne masu zagaye, ba yawa. Shaddar da ta sha bugu karyewa take da kusurwa. Rawani siriri ne, naɗinsa da yawa a jere, suna taruwa inda aka murɗa. Madugun wancan zamani saƙi zai sa, ƙyalle-ƙyalle siriri da aka harhaɗa, to layukan haɗin nan su ne rabin kyan rigar. Ka shiga kasuwar Kejetia ko Cultural Centre a Kumasi ka riƙe fugu a hannu: faɗin kowane ƙyalle wajen santimita 10, haɗin yana ɗan tudu, gefensa yana ɗan tattarewa. DamStandard a layin, Inflat a gefe, sai 'yan gajerun tattara masu giciye shi, ba a jere daidai ba.

Aska takwas hanya biyu ce. In kyamara na nesa, zana ta baƙi da fari a kan hoton UV, ka shigo da ita ta zama Mask, ka juya, ka yi Inflate kaɗan daga Deformation, ka bi da alfar zare. In za a kusanto ƙirji, yi zare ɗaya mai foligon 30 zuwa 40, ka mayar da shi buroshin IMM, mai dasa siffar da aka ba shi, mai bin Curve, ka daidaita CurveStep har su jeru ba giɓi. Ɗinki dubu 5 foligon dubu 200 ne, ba nauyi. Abin da ake mantawa shi ne yadin da ke kewaye: aiki mai nauyi yana jan ƙyalle, gefensa ya tattare, aljihun ya rinjayi rigar ta wannan ɓangare. In babu wannan, aikin zai zauna a sama kamar ba a jikin rigar yake ba.

Sanda kuma, ka je Ahwiaa, garin masassaƙa kusa da Kumasi, ka ga abin da wuƙar masassaƙi ke bari a itace: 'yan fuskoki ne shafaffu masu haɗuwa a kaifi. TrimDynamic ke yin su. Wurin riƙo ka goge shi sumul da hPolish, gindin ka farfasa. In akwai zobe ko awarwaron tagulla, na maƙeran tagulla na Krofofrom za su nuna maka yadda zaren kakin zuma yake barin sawunsa bayan zubi. Lalacewa tana da dalili, inda hannu ke taɓawa da inda ƙasa ke ci. Kada ka barbaɗa ƙarzuna ko'ina.

Mai Yumɓu

Baban Renda, a kan miliyan 6 ban bi ka duka ba. Ga fim, gaskiyarka. Amma in yana son hoton da zai nuna wa masu ba da aiki, kusantowa za su yi, gara ya hau mataki na 7 a fuska kaɗai.

Ƙanena, abu biyu kan hannu. Ka buɗe saitin allon zanenka ka gyara lanƙwasar matsi, yadda taɓawa kaɗan za ta ba da siririn layi. In kowane layi kauri ɗaya yake fitowa, matsin ne bai shiga ba. Ka gwada kunna ko kashe Windows Ink, ka sake buɗe ZBrush. Ka duba bakin alƙalamin ma, in ya cinye ta gefe ɗaya canza shi.

Na biyu, kafin ka buɗe madugu kullum, ka ɗauki Plane3D mai foligon miliyan ɗaya ka sassaƙa fatar gaɓar yatsanka, santimita 2 kacal, ba alfa, DamStandard da Inflat kawai, minti 20. Gobe kusurwar ido, jibi leɓe. Ka juya fitila ta gefe ka kwatanta da na gaske. Wanda bai iya yin layi goma da hannu ba, alfa ba za ta gaya masa inda ta zauna ba daidai ba.

Ɗan Aboabo

Scale na Subsurface ne da Bump Only, na gyara, ramukan sun fito. Allah ya ƙara ilimi. Saura gemu: in sassaƙa shi ne ko in yi da FiberMesh, abin tsiro da gashi na ZBrush?

'Yar Alabar

Tunda a Blender za a yi renda, ko ɗaya. A ZBrush ka yi tudun gindin gashi kawai a haɓa da saman leɓe, falle daban, don inda gemun ya yi sako-sako a ga fata mai rai a ƙasa. Gashin ka yi shi da Hair Curves na Blender. Daga 3.5 akwai Clump Hair Curves da Curl Hair Curves da Frizz Hair Curves a shirye. Clump tukuna, sannan Curl mai ƙaramin Radius don murɗin gashinmu, Frizz kaɗan a ƙarshe. Kaurin sili wajen milimita 0.1. Furfura kuma kada ka yi ta fari fat: a Principled Hair BSDF ka sa Melanin kusa da 0 ga yawanci, ka bar kashi ɗaya cikin huɗu baƙi a gauraye, mafi yawa a gashin baki da ƙarƙashin leɓe. Bakin gemun a kunci ka rage yawa da tsawo a hankali, ka bar 'yan sili suna fita daga layi.